Kwalaye Bakwai a Falon Umma

Kafin wata a cikinku ta naɗe hannun riga ta rubuto mini nasiha a ƙasan shafin nan, bari in rage mata wahala: na san ni ce da laifi. Masu cewa "ai sai ki gode wa Allah da abin da kike da shi," ku adana abinku. Na ji wannan daga bakin waɗanda suka fi ku iya faɗa, kuma suna gama faɗa na je na sayi jaka.

Ga waɗanda yau suka fara bina, ni ce mai zama a teburin karɓar mutane a wani ƙaramin asibitin haƙori. Shekarata ashirin da tara, ina gidanmu da Mama da ƙanwata Auta, kuma ina da wata cuta. Wasu in ransu ya ɓaci kuka suke yi, wasu su ci abinci, wasu su ja bargo. Ni waya nake ɗauka in shiga manhajar sayayya. Ba kayan nake so ba, ku fahimce ni. Daɗin duk yana wurin danna "biya". Ina dannawa sai in ji kamar an sauke mini bokitin ruwa daga ka. Kafin kayan su iso ma na manta na saye su.

Ba gida ake kawowa ba, ban haukace ba tukuna. Asibiti ake kawowa, in tura su cikin dogon kabad ɗin da ke bayan kujerata, ƙasan fayilolin marasa lafiya. Nan ne ma asirina ya fara tonuwa.

Injiniya shi ke gyara mana kujerar Likita da injinan aiki, kuma shi ne mutumin da nake so, shekara ɗaya da rabi ke nan. A raina Sannu-Sannu nake ce masa, domin ko ruwa zai sha sai ya fara duba kofin. Wata uku da suka wuce ya zo neman inda wata waya ta bi ta bango, ya buɗe kabad ɗin nan ba tare da ya tambaye ni ba. Kwalaye suka zubo masa a ƙafa. Wasu ko sitika ban ɓare ba.

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Tsugunawa ya yi ya jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, duk naki ne?"

"Rangwame aka yi."

"Sau goma sha huɗu?"

Na ɗaure fuska na ce, "Da kuɗinka na saya?"

"A'a. Guminki ne, ki sayi abin da kika ga dama." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwar wandonsa. "Amma na lura da ke. Duk ranar da na ce me ya faru, sai ki ce ba komai. Ashe komai ɗin nan yake a kabad. Ni abu ɗaya ne ba zan iya zama da shi ba, ɓoye-ɓoye. In ranki ya ɓaci ni za ki faɗa wa, ba mai babur ɗin da ke kawo kaya ba."

Na yi alkawari. Har da ƙwalla, ku ji ni da kyau. Kuma na san shi, ba ya maimaita magana sau biyu, in ya juya baya ya juya ke nan.

Sista, wadda ke taimaka wa Likita, ita ta ɗauki nauyin shiryar da ni. Mata ce mai 'ya'ya biyar da jaka ɗaya tal, baƙa, wadda hannunta ya sha ɗinki har ya gaji. Ta kafa mini dokoki. In na ga abu ya shiga raina, in bar shi a kwando ya kwana, in da safe har yanzu ina so, mu yi shawara. In raina ya ɓaci, in tashi in zaga bayan asibiti sau biyu. Katin bankina kuma ta karɓa ta jefa a baƙar jakar nan. Baiwar Allah, ba ta san lambobin katin suna kaina kamar sunana ba. Duk da haka na yi ƙoƙari. Na goge manhajar, na rufe masu turo mini hoton kaya da "Hajiyata, naki ne ya rage." Sati bakwai cur ban sayi ko tsinken gashi ba, na zaga bayan asibitin nan har mai gadi ya fara tambayata ko wani abu na yar.

Abin alheri ne ya mayar da ni, shi ya fi ba ni haushi. Ummarsa, mahaifiyar Injiniya, gwiwa ta matsa mata. Na ce bari in yi abin kai, in saya mata abin ɗaure gwiwa mai kyau. Na sake sauke manhajar, na sa adireshin gidansu da lambar wayarta don a kai mata har ƙofa. Aka kai, ta kira ta sa mini albarka. Na ce gobe zan goge manhajar. Sai dai na kashe sanarwarta, saboda Auta ba ta ganin waya ta yi haske ba ta leƙa ba.

Goben ce Gwaggo ta zo.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce, Allah ya ji ƙansa, kuma tun rasuwarsa ta naɗa kanta mai binciken gidanmu. Ta shigo da mayafinta mai duwatsu wanda ke kama labule duk inda ta gifta, ta zauna a kujerar da ta fi kowace laushi, ta dube ni tun daga ɗankwali har silifas.

"Ke har yanzu kina nan?"

Kamar wata tsohuwar fanka. Na ce, "Ina nan, Gwaggo. Kun zo lafiya?"

"Shi mai gyaran kujerun fa, har yau gyaran yake?"

"Yana gaishe ku."

"Gaisuwa muke ci? 'Yar maƙwabciyata da aka haifa kina aji uku, jiya na je barkar na biyunta. Ke kina can kina rubuta sunan masu ciwon haƙori." Ta juya wajen Mama. "Ke ma da naki. Kin zuba ido kin bar ta tana ruwan ido, ga ƙaramar an tare mata hanya."

Mama kuwa sai ninke mayafin da ta riga ta ninke take yi. Wannan shirun nata ya fi maganar Gwaggo yi mini ciwo. Na kawo wa Gwaggo lemo da murmushina, na shiga ɗaki, na zauna a bakin gado. Babu bayan asibitin da zan zaga. Takalma masu tsini, lamba talatin da takwas, baƙi da ruwan zinari da wani ja da ko kyauta aka ba ni ba zan sa ba. Na danna. Na fito na raka Gwaggo har bakin titi ina yi mata fatan sauka lafiya.

Bayan kwana huɗu saƙon Injiniya ya shigo ina tsakiyar aiki: "Ranki ya daɗe, Kawu bai dawo daga tafiya ba. Maganar zuwansu gidanku neman aurenki sai mun ƙara sati uku. Ki yi haƙuri."

Karo na uku ke nan ana ɗagawa. Abin da ke bakina shi ne, kai da Kawun naka ku je ku gyara kujera. Abin da na rubuta shi ne, "Ba komai, Allah ya kai mu," har da 'yar fuskar murmushi. Sannan na sayi jaka ja, da abin ɗaure ciki irin wanda ake cewa yana fito da ƙugu cikin sati biyu, da injin matse lemo. Ni da ko ɓare lemo ƙiwa nake ji.

Sai Auta, wata ranar Lahadi tana shafa mai a gaban madubina, da man nawa kuma. "Yaya, don Allah ki ɗan matsa masa mana. Wallahi nawa ya gaji da jira, kullum sai ya tambaya."

"To ki tsallake ni mana, an ɗaure ki ne?"

"Kin san Mama ba za ta yarda ba."

Yarinyar da na yi wa wanki na goya. Ranar na sayi fitilar nan mai zagaye da masu ɗaukar bidiyo ke haska fuska da ita. Me zan ɗauka? Oho.

Yanzu wata mai wayo a cikinku za ta ce, ba ki lura kayan ba su iso asibiti ba? Ban lura ba, malama. Na faɗa muku ni da kaya mun rabu tun wurin dannawa. Sau ɗaya abin ya faɗo mini, na ce jinkirin masu kawowa ne, har na ji daɗi, domin Sista ta sa wa kabad ɗin ido.

Ranar Alhamis da yamma ina shiga gida Injiniya ya kira. Muryarsa har rawa take, shi da ba ya gaggawar komai. "Kawu ya dawo. Lahadi ta sama za su zo, in Mama ta amince."

Na ce na yi murna, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma da na faɗa a falo, Auta ta daka tsalle ta ruga ta kira nata saurayin kafin ma ta dube ni. Mama ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi, na huta da bakin mutane." Ta kira Gwaggo, ina jin muryarta ta waya tana cewa, "To Allah ya sa kada ya sake zillewa." Babu wadda ta ce mini ke ya kike ji. Murnar da ake yi ba tawa ba ce, murnar an samu mai kwashe kaya daga hanya ce. Na ji haushi, na ji tsoro, na kuma ji kunyar jin su a ranar da ya kamata in yi dariya. Na shige ɗaki na turo ƙofa na ɗan jima.

Asabar da hantsi Umma ta kira da kanta. "'Yata, in babu takura ki leƙo ni yau mana. Ina son ganinki."

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai dogon hannu, wadda ke sa in yi kama da mai hankali, da farin mayafi da takalmi marar tsini. Hoda kaɗan, turare kaɗan. Na duba madubi na ce, ga surukar da kowace uwa ke roƙo.

Shi ya buɗe mini ƙofa. Ya amsa sallamata, amma bai ce ranki ya daɗe ba. Nan na fara shan jinin jikina.

Falon Umma ƙarami ne, kujeru uku masu rufin saƙa, hoton marigayi mijinta a saman talabijin, agogon bango da ya yi gaba da minti goma. A jikin bangon, ƙarƙashin taga, an jera kwalaye bakwai tsaf, manya a ƙasa ƙanana a sama. Na san wannan jerin. Na san hannun da ya yi shi. A take na gane abin da ya faru. Manhajar ta riƙe adireshin ƙarshe da na sa mata, ni kuma ban taɓa tsayawa karanta komai ba kafin in danna. Duk baƙin cikina na wata guda nan aka yi ta saukewa, da sunan Umma a jiki.

Sai ga ta ta fito daga ɗaki tana dogara bango, fuskarta fal fara'a. Jama'a, abin ɗaure cikina ne a jikinta. A kan rigarta ta ɗaura shi, ta maƙale ƙugiyoyin har sama.

Na durƙusa na gaishe ta, muryata kamar ta aro.

"Tashi, tashi 'yata. Ke wace irin yarinya ce? Kaya sai zuwa suke kamar an buɗe famfo." Ta shafa abin da ke cikinta. "Wannan na bayan kam ya matse, numfashi sai da dabara, amma wallahi bayan ya yi sauƙi. Ya aka yi kika san bayan ma yana damuna?"

Na saci kallonsa. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, yana kallon silin.

"Fitilar nan kuwa," ta ci gaba, "da ita nake zura zare a allura yanzu, ba na kiran kowa. Injin lemon maƙwabta sun zo sun gani. Takalman ne dai suka yi mini kaɗan, ni arba'in da ɗaya nake sawa, kuma tsinin nan in na hau sai dai a kwashe ni. Na ce masa yaran yanzu ba su san tsufa ba." Ta yi dariya har abin cikin ya yi ƙara. "Jar jakar na ajiye, sai ranar da za a je gidanku."

Ga dama ta samu, ko? Nan ne mai mutunci za ta ce, Umma ku yafe ni, kuskure ne, kayana ne, ga halin da nake ciki. Na san haka. Shi ma na ga ya sauke idonsa daga silin ya zuba mini, yana jira.

Umma ta kamo hannuna ta riƙe cikin nata. "Na faɗa wa kowa, ɗana ya dace. Amma ki daina wahalar da kanki a kaina, kin ji? Ke ma kina da hidimar gabanki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

Na buɗe baki na ce, "Amin, Umma. Ai ba komai, yi wa kai ne."

Yi wa kai ne. Ku ji bakina. Na zauna na sha lemon da aka matse da injina, na karɓi albarkar da ban yi aikinta ba har da sunkuyar da kai. Duk rainin da nake yi wa Gwaggo, ita aƙalla abin da ke cikinta shi take faɗa.

Da na yi sallama ya ce zai sauke ni. Motarsa tana gefen gida a inuwar katanga, tsohuwa mai ƙamshin man inji. Bai buɗe mini ƙofa ba, bayan motar ya zagaya ya tsaya.

Na riga shi. "Zan yi maka bayani."

"Ba sai kin yi ba. Kowane kwali da takarda a jikinsa, da ranar da aka yi oda." Muryarsa a kwance, kamar yana gaya wa Likita abin da ya lalace. "Takalman, ranar da Gwaggo ta zo ne. Ranar na kira ki, kika ce ba komai. Jaka da injin da wancan abin, ranar da na ce Kawu bai dawo ba. Kika turo mini murmushi. Fitilar ban san me ya faru ba, amma Lahadi ce, kina gida, na san dai wani ya taɓa ki."

"Kai kuma sai ka zauna kana bin ranaku kamar ɗan sanda."

"Sati uku ina jira ki faɗa da bakinki. Yau ma na jira."

"A gaban Umma kake so in tozarta kaina? Ka ga yadda take murna?"

"Na gani. Shi ya sa ban ce mata komai ba, kuma ba zan ce ba." Ya lalubo makulli a aljihu. "Waɗannan bakwai ɗin na fahimce su. Ban ji daɗi ba, amma na fahimta. An ɓata miki rai, har da ni a masu ɓatawar. Da su kaɗai ne, da faɗa za mu yi mu shirya."

Ya sa makulli ya ɗaga but ɗin motar.

Akwatin tafiya ne a kwance a ciki, ruwan toka, mai taya huɗu, ko ledarsa ba a cire ba. Babba, irin wanda mutum ke zuba duk abin da ya mallaka. Ina ganinsa na tuna. Bakin gadona, ƙofa a rufe, muryar Mama a falo tana cewa ta huta.

"Da safen nan aka kawo. Ni na karɓa a ƙofa, ban bari ya shiga ciki ba." Ya nuna takardar da yatsa. "Alhamis, ƙarfe biyar da rabi. Ƙarfe biyar na kira ki na ce Kawu zai zo. Ranar babu wanda ya ɗaga komai, babu faɗa. Kika ce mini kin yi murna."

"Na yi murna."

"To minti talatin bayan murnar, me ya sa kika sayi akwati?"

Na dubi akwatin, na dubi katanga. Ina son mutumin nan, wallahi ina son sa. Kuma ina tsoron ranar Lahadin nan kamar me, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba, ko kaina.

"Yau da yamma Kawu zai kira ni ya ji tabbaci," ya ce. "Ba na son in kawo dattijo gidanku alhali ke hanyar fita kike nema. In ce masa ya zo, ko in ce ya dakata?"

Ban san lokacin da hannuna ya shige jaka ba. Sai ji na yi yatsuna sun kama wayar, babban yatsana har ya fara laluben gilashin.

Ya kalli hannun nawa, ya sauke murfin but ɗin a hankali har ya kama.

"Ki bar wayar," ya ce. "Ni nake tambayarki."